Nazarin Lamarin Henry Molaison: Mutumin da Tiyata ta Raba da Ikon Tuna Sabon Abu

A watan Afrilu na shekarar 1955 aka zaunar da wani mutum ɗan shekara 29 a birnin Hartford na jihar Connecticut da ke Amurka domin a gwada hankalinsa. Da aka tambaye shi kwanan wata sai ya ce ana cikin watan Maris na 1953, da aka tambaye shi shekarunsa kuma ya ce 27. Kafin ya shiga ɗakin gwajin ya tsaya suna hira da wani likita, amma da aka yi masa maganar hirar sai ya ce shi babu wanda ya yi magana da shi. Duk da haka, a gwajin kaifin basira ya samu maki 112, wanda ya ɗara 104 ɗin da ya samu kafin a yi masa tiyata, maganarsa a tsare take, ladabinsa bai ragu ba, kuma babu wata alamar ruɗewa ko taɓin hankali a tare da shi. Sunansa Henry Molaison, amma har ya bar duniya masana ba su san shi da komai ba sai haruffa biyu, H.M., waɗanda aka sakaya sunansa da su domin a kare shi.

Wanda ya fara karatu a kan lafiyar ƙwaƙwalwa yakan sha wahala wajen rarrabe fannoni uku da ke maƙwabtaka da juna, wato aikin likitan taɓin hankali wanda ke duba cututtukan tunani da ɗabi'a yana ba da magani, da aikin masanin halayyar ɗan Adam wanda ke nazarin yadda mutum ke tunani da koyo da ji a zuciya, da kuma aikin likitan jijiyoyi da tiyatar ƙwaƙwalwa wanda ke hulɗa da ita kanta gaɓar da ke cikin ƙoƙon kai. A lamarin Henry duka ukun sun haɗu a kan mutum ɗaya. Tiyatar da aka yi masa an ƙirƙiro ta ne tun farko domin masu taɓin hankali, likitan tiyata ne ya yi ta domin maganin farfaɗiya, masana halayyar ɗan Adam ne kuma suka gano ainihin abin da ta lalata.

Ciwon da ya kai shi ga wuƙar likita

An haifi Henry ranar 26 ga Fabrairu, 1926, shi kaɗai ne wurin iyayensa. Tun yana ƙaramin yaro wani mai keke ya buge shi ya faɗi ya bugu a ka, sannan akwai masu farfaɗiya a dangin mahaifinsa. Yana ɗan shekara 10 ya fara samun ƙaramar farfaɗiya, irin wadda mutum kan ɗauke na 'yan daƙiƙu ya ƙura ido sannan ya dawo hayyacinsa, da ya shiga samartaka kuma babbar ta bayyana, mai kayar da mutum ƙasa da jijjiga da cizon harshe da gushewar hankali. Ciwon ya jawo masa tsangwama a makaranta, ya sa bai kammala sakandare ba sai da ya kai shekara 21. Ya yi aikin naɗa waya a injinan lantarki, amma daga baya aikin ya gagare shi, domin ta kai ƙaramar farfaɗiyar na zuwar masa kusan sau 10 a rana, babbar kuma kusan kowane mako, alhali yana shan magungunan da ake da su a lokacin har iyakar abin da jiki zai iya ɗauka.

Wajibi ne a riƙe wannan hoton a zuci kafin a yanke wa kowa hukunci. Iyayen Henry ba su miƙa ɗansu ga tiyata don ganganci ba. Suna kallon saurayi mai hankali wanda ciwo ya hana shi aiki da fita shi kaɗai, wanda kowace faɗuwa tana iya zama ajalinsa.

Likitan da ke duba shi, William Beecher Scoville, fitaccen likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne, kuma ɗan zamaninsa ne ta kowace fuska. A wancan zamanin asibitocin masu taɓin hankali a Amurka da Turai sun cika maƙil, kuma babu wani maganin sha da ke kwantar da cututtuka masu tsanani irin su sikizofireniya, wadda ke sa mutum jin muryoyin da babu su da gaskata abin da ba shi da tushe. Sai a 1952 aka fara gwada maganin kulofuromazin a kan irin waɗannan majinyata a Faransa. Kafin nan abin da ake yayi shi ne lobotomi, wato yanke jijiyoyin da ke haɗa sashen gaba na ƙwaƙwalwa da sauran sassanta, kuma likitan ƙasar Fotugal da ya ƙirƙiro ta, Egas Moniz, har lambar yabo ta Nobel ya samu a 1949. Scoville ya yi wannan tiyata ga mutane da dama, amma ya ga yadda take dusashe halin mutum ta bar shi kamar ba shi ba, don haka ya shiga neman wani wuri dabam da za a taɓa. Ya koma ga ɓangaren ciki na sassan ƙwaƙwalwa biyu da ke gefen kai daura da kunnuwa, ya riƙa cire shi ga masu taɓin hankali mai tsanani. Taɓin hankalin nasu bai yi wani sauƙin kirki ba, sai dai ya lura cewa wasu daga cikinsu da ke da farfaɗiya ta lafa musu. Daga wannan lura ce shawarar yi wa Henry tiyata ta fito.

A 1953, Henry yana da shekara 27, aka yi aikin. An kashe masa zafin fatar kai kawai, yana farke, domin ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafin yanka. Scoville ya huda ƙoƙon kansa wuri biyu a saman idanu, ya ɗaga sashen gaba na ƙwaƙwalwar, ya zura siririn bututu ya zuƙe nama daga ɓangarorin biyu, dama da hagu. Abin da ya fita ya haɗa da gaban wata gaɓa mai lanƙwasa da ake kira hifokamfus, da mafi yawan amigdala, wata 'yar ƙaramar gaɓa mai alaƙa da tsoro da motsin rai, da kuma ɓawon ƙwaƙwalwar da ke kewaye da su. Shi kansa Scoville ya rubuta daga baya cewa tiyatar gwaji ce tsantsa.

Ta fuskar farfaɗiya an samu biyan bukata gwargwado, domin babbar ta ragu ƙwarai har takan yi watanni ba ta zo ba, ko da yake bai daina shan magani ba har ƙarshen rayuwarsa. Amma tun yana kwance a asibiti aka ga baya ta haihu. Ba ya gane ma'aikatan jinyar da ke shiga wurinsa kullum, ba ya iya gano hanyar banɗaki, ba ya tuna abin da ya faru da safe idan rana ta yi. A cikin ma'aikatan asibitin Scoville kaɗai yake ganewa, shi ma don ya san shi shekaru kafin tiyatar. Bayan wata 10 iyalin suka tashi zuwa wani gida a kan titi ɗaya da tsohon, amma Henry ya kasa riƙe sabon adireshin, kuma idan aka bar shi shi kaɗai tsohon gidan yake nufa. Mahaifiyarsa ta ce kullum sai ta nuna masa inda injin yankan ciyawa yake ko da jiya ya yi aiki da shi, kuma yakan karanta mujalla ɗaya sau da yawa ba tare da ya ji ya taɓa ganinta ba. Akwai wani kawunsa da yake ƙauna wanda ya rasu kafin tiyatar, kuma labarin rasuwar ya goge masa, ta yadda duk lokacin da aka faɗa masa sai baƙin cikin ya zo masa sabo fil.

Zuwan Brenda Milner

A daidai wannan lokaci, a Cibiyar Nazarin Jijiyoyi ta Montreal da ke Kanada, likitan tiyata Wilder Penfield da wata matashiyar masaniyar halayyar ɗan Adam, Brenda Milner, sun ci karo da majinyata biyu da suka kamu da mantuwa mai tsanani bayan an cire musu irin wannan sashe a ɓangare ɗaya kacal. Sun yi hasashen cewa ɗaya ɓangaren da ba a taɓa ba dama can ya lalace, ta yadda cire mai lafiyar ya bar su babu ko ɗaya, kuma binciken gawar ɗayansu bayan shekaru ya tabbatar da hasashen. Da Scoville ya ga rahotonsu sai ya kira Penfield ya shaida masa cewa yana da majinyaci mai irin wannan matsala, aka tura Milner zuwa Hartford.

Ba Henry kaɗai ta gwada ba. Ta bi sauran majinyatan da Scoville ya yi wa wannan tiyata saboda taɓin hankali, ta same su a asibitocin da suke, kuma a nan ne wani abu mai tayar da hankali ya fito fili: akwai waɗanda suka yi irin asarar da Henry ya yi, amma babu wanda ya lura, domin duk wani ruɗewa da aka gani a wurinsu an ɗora shi a kan ciwonsu na asali. Sai da aka yi tiyatar ga mutumin da kowa ya yarda hankalinsa ƙalau yake sannan ɓarnar ta bayyana. A ganina wannan yana daga cikin mafi nauyin abin da ke cikin lamarin gaba ɗaya, domin har yau mai taɓin hankali yana fuskantar wannan haɗari, ya yi kukan ciwon ƙirji ko mantuwa ko kasala a ce ai ciwon nasa ne, a wuce ba a bincika ba. Rahoton da Scoville da Milner suka fitar a 1957 ya nuna cewa waɗanda aka cire wa gaban sashen kaɗai ba su yi asarar tunawa ba, kuma gwargwadon yadda yankan ya nutsa baya cikin hifokamfus a ɓangarorin biyu, gwargwadon tsananin mantuwar.

Kafin wannan rahoto ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne na Karl Lashley, wanda ya shafe shekaru yana koya wa ɓeraye bin hanya mai sarƙaƙiya sannan yana yanke sassa dabam-dabam na ƙwaƙwalwarsu domin ya gano inda abin da suka koya yake zaune. Bai gano wuri guda ba, don haka a 1950 ya kammala da cewa tunawa a warwatse take cikin ɓawon ƙwaƙwalwa duka. Lamarin Henry ya nuna cewa ko da abin da aka ajiye a warwatse yake, akwai ƙayyadadden wuri da idan babu shi ajiyar ba za ta yiwu ba.

Abin da ya ɓata da abin da ya saura

Ƙwarewar Milner ta fito ne a inda ba ta tsaya ga lissafa abin da Henry ya rasa ba, ta shiga neman abin da ya rage masa. Wata rana ta ba shi lamba 584 ta ce ya riƙe, ta bar shi shi kaɗai na minti 15, da ta dawo sai ya faɗa mata lambar daidai, har ya bayyana mata dabarar lissafin da ya riƙa juyawa a ransa domin kada ta kuɓuce. Amma da hankalinsa ya koma kan wata magana na ɗan lokaci, lambar da dabarar da ma cewa an ba shi wata lamba duk suka tafi. Wannan ya nuna cewa riƙon abu na ɗan lokaci, irin wanda muke yi idan an faɗa mana lambar waya kafin mu rubuta, aiki ne dabam da ajiya mai ɗorewa, kuma na farkon yana nan lafiya a wurin Henry muddin bai daina maimaitawa ba.

Abubuwan da ya sani kafin tiyata ma ba su tafi ba. Ya san iyayensa, ya san harshensa, ya san labarin Yaƙin Duniya na Biyu da fitattun mutanen da suka yi tashe yana yaro. Ke nan hifokamfus ba shi ne ɗakin ajiyar ba, ya fi kama da magatakardan da ke karɓar sabuwar takarda ya kai ta inda za ta zauna, wanda idan ya tafi tsofaffin takardu suna nan a wurarensu amma sabuwa ba ta ƙara shiga. Sai dai bincike na baya ya gyara wannan hoton ta wata fuska, domin an gano cewa shekarun da suka gabaci tiyatar sun dusashe masa, kuma ko na yarinta, yana iya ba da bayanin yadda rayuwa take a dunƙule amma da ƙyar yake iya kawo wata rana guda da abin da ya faru a cikinta daki-daki. Sanin cewa abu ya faru da kuma sake ganinsa a zuci ba ɗaya ba ne, kuma a 1972 Endel Tulving ya ba wannan bambanci matsayi a ilimin halayyar ɗan Adam.

Gwajin da ya fi shahara shi ne na tauraro da madubi. An ajiye wa Henry zanen tauraro mai tsini biyar wanda aka zana da layi biyu, ɗaya cikin ɗaya, aka ce ya bi tsakanin layukan da fensir ba tare da ya taɓa su ba, aka kuma kare hannunsa ta yadda ba ya ganin hannun ko zanen sai ta cikin madubi. Duk wanda ya gwada wannan ya san yadda hannu ke bijire wa mutum, a nufi sama ya yi ƙasa, fensir ya maƙale a kusurwa ya ƙi gaba ya ƙi baya. Henry ya fara da kurakurai masu yawa kamar kowa, suka riƙa raguwa yana maimaitawa. Washegari da aka kawo masa kayan ya ce bai taɓa ganinsu ba, amma hannunsa ya ɗora daga kusan inda ya tsaya jiya. A rana ta uku yana zagaya tauraron kusan babu kuskure, har shi da kansa ya yi mamaki, ya ce ya zaci abin zai yi wuya amma ga shi ya yi shi da kyau. Milner ta wallafa wannan sakamako a 1962.

Wannan ɗan ƙaramin gwaji ya buɗe babbar ƙofa. Mutum yana iya koyon abu ba tare da ya san ya koya ba, domin ƙwarewar hannu da jiki tana bin wata hanya dabam a ƙwaƙwalwa wadda ba ta ratsa hifokamfus. A 1980 Neal Cohen da Larry Squire suka faɗaɗa wannan zuwa rarrabewa tsakanin sanin da mutum ke iya furtawa, kamar sunan gari ko abin da ya faru jiya, da sanin da ke bayyana a aikace kawai, kamar tuƙa keke. Amfanin wannan bai tsaya a ɗakin gwaji ba, domin a kansa ne masu kula da mutanen da suka samu rauni a ka ko ciwon mantuwa suke dogara idan suna koya musu ayyukan yau da kullum ta hanyar maimaici, kuma shi kansa Henry da ya tsufa ya koyi tafiya da ƙarfen dogarawa ko da yake ba ya iya faɗin lokacin da ya fara amfani da shi.

Ba a ce babu abin da ya taɓa shiga kansa bayan 1953 ba. Iyalinsa sun koma wani gida a 1958, kuma a 1966 ya zana taswirar ɗakunan gidan daidai da ka, bayan shekaru yana zirga-zirga a cikinsa kullum. Ya kuma tsinci ɗan abin da ba a rasa ba game da wasu mutanen da suka yi suna bayan tiyatarsa, irin su shugaba John F. Kennedy, musamman idan an ba shi ɗan haske. Amma wannan koyo ne mai tafiyar hawainiya, mai bukatar maimaici ba adadi, kuma gutsi-gutsi ne.

Mutumin da kansa

Suzanne Corkin, ɗalibar Milner, ta fara haɗuwa da Henry a 1962, daga baya ta koma jami'ar MIT da ke Amurka, kuma ta ci gaba da nazarinsa har shekara 46. Masu bincike kusan 100 ne suka yi aiki da shi. Duk tsawon wannan lokaci bai taɓa sanin ko ita wace ce ba a zahiri, sai dai daga baya ya fara jin kamar ya san ta, yakan ce tare suka yi sakandare. Waɗanda suka zauna da shi sun bayyana shi da mutum mai sanyin hali da fara'a da barkwanci, mai son wasan cike gurbin kalmomi, wanda yakan yi haƙuri da gwaje-gwaje masu gajiyarwa, ko da yake wani lokaci fushi yakan taso masa. Yakan ba da labari ɗaya sau uku cikin 'yan mintuna da murya ɗaya, daga ciki har da cewa ya so ya zama likitan tiyatar ƙwaƙwalwa amma ya fasa saboda yana sa tabarau, yana tsoron kada jini ya ɓata gilashin ya yi kuskure ya cuci majinyaci.

Ya san yana da matsala, kuma wannan ne ya fi taɓa zuciya a cikin labarinsa. Ya taɓa kwatanta halinsa da na wanda ya farka daga mafarki, komai a gabansa sarai yake amma bai san abin da ya faru kafin nan ba, har yakan damu ko ya faɗi wata magana marar kyau ko ya yi wani abin da bai dace ba. Ya kuma ce kowace rana a wurinsa ita kaɗai take tsaye, da daɗinta da baƙin cikinta. Tiyatar ta shafi har yadda yake jin jikinsa, domin ba kasafai yake cewa yana jin yunwa ko ƙishi ko zafi ba, kuma a wani gwaji an kawo masa abinci karo na biyu jim kaɗan bayan ya gama na farko, ya ci ba tare da ya san ya riga ya ci ba. Ya zauna da iyayensa, sannan da wata da ta ɗauki nauyin kula da shi, kuma daga 1980 ya koma gidan kula da marasa ƙarfi inda ya ƙarasa rayuwarsa. Maganin farfaɗiyar da ya sha na gomman shekaru ya bar nasa tabon, domin ya tsotse ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke bayan kai wadda ke daidaita motsi, tafiyarsa ta yi nauyi.

A nan ne tambayar yarda take tasowa, kuma ba tambaya ce da za a kauce mata ba. Ƙa'idar bincike a kan ɗan Adam ita ce a bayyana wa mutum abin da za a yi masa, ya fahimta, ya amince da son ransa, ya kuma san yana da ikon janyewa. To yaya wannan zai tabbata ga wanda bayanin ke gushe masa kafin a kai ƙarshen takardar, wanda ba ya iya tuna cewa gwajin jiya ya gajiyar da shi balle ya ce yau ba zai yi ba? Akwai shekarun da shi da kansa yake sa hannu a takardun amincewa, sai a 1992 kotu ta naɗa masa wakili. A 2016 jikan Scoville, ɗan jarida Luke Dittrich, ya fitar da littafi da ya soki yadda aka tafiyar da wannan al'amari, jami'ar MIT da masana da yawa kuma suka fito suka kare Corkin, wadda ta rasu a wannan shekarar. Waɗanda suka san shi sun shaida cewa an kula da shi, an ɓoye sunansa da inda yake daga 'yan jarida fiye da shekara 50, kuma shi da bakinsa yakan ce abin da aka gano a kansa zai taimaki wasu. Na yarda da gaskiyar wannan, amma ban ga ya rufe tambayar ba, domin mutum mai sauƙin kai wanda ba ya tuna jiya shi ne ya fi kowa bukatar wani na dabam, wanda ba shi da wata riba a binciken, ya tsaya masa tun daga rana ta farko.

Bayan rasuwarsa

Scoville ya ƙiyasta cewa ya cire kimanin santimita 8 a kowane ɓangare, kuma a kan wannan ƙiyasi aka dogara shekaru da yawa. Da aka ɗauki hoton kan Henry da na'urar MRI, sakamakon da aka wallafa a 1997 ya nuna yankan bai kai haka ba, kusan santimita 5 ne, kuma bayan hifokamfus yana nan. Henry ya rasu ranar 2 ga Disamba, 2008, yana da shekara 82, kuma a lokacin ne duniya ta san sunansa. An kai ƙwaƙwalwarsa Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, inda a Disamban 2009 Jacopo Annese da abokan aikinsa suka daskarar da ita suka yanka ta falle-falle har 2,401 cikin awa 53, ana nuna aikin kai tsaye ta intanet. Rahotonsu na 2014 ya tabbatar da cewa wani kaso mai yawa na bayan hifokamfus ya tsira, amma ɓawon da ake kira entorainal, wanda ta cikinsa saƙonni ke shiga hifokamfus daga sauran ƙwaƙwalwa, kusan gaba ɗayansa ya tafi, ta yadda abin da ya tsira ɗin ya zama a yanke yake daga inda zai samu abin aiki. Sun kuma ga wani ƙaramin rauni a sashen gaba na hagu wanda ba a san da shi ba a da.

Wannan yana tunatar da mai karatu iyakar nazarin mutum ɗaya. Ƙwaƙwalwar Henry ta sha farfaɗiya tun yarinta, ta sha magunguna masu ƙarfi, kuma wuƙar ba hifokamfus kaɗai ta taɓa ba, don haka da a kansa kaɗai aka tsaya da hujjar ta yi rauni. Abin da ya ƙarfafa ta shi ne wasu majinyata da aka samu daga baya waɗanda lalacewar ta tsaya a hifokamfus kawai, da gwaje-gwaje a kan birai da ɓeraye, da kuma aikin John O'Keefe wanda a 1971 ya gano ƙwayoyin hifokamfus da ke aiki idan dabba tana wani keɓaɓɓen wuri, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2014 tare da May-Britt Moser da Edvard Moser.

A asibiti kuwa, Scoville da kansa ya riƙa gargaɗin likitoci kada a sake cire wannan sashe a ɓangarorin biyu. Har yanzu ana yi wa masu farfaɗiyar da ta gagari magani tiyata a wannan wuri, kuma tana warkar da mutane da dama, amma a ɓangare ɗaya kawai, bayan an tabbatar ɗayan zai iya ɗaukar nauyin tunawa. Ɗaya daga hanyoyin tabbatarwar ita ce gwajin da likita Juhn Wada ya ƙirƙiro, inda ake sa wa rabin ƙwaƙwalwa maganin barci na 'yan mintuna a ga abin da ɗaya rabin zai iya shi kaɗai, kuma Milner da abokan aikinta ne suka shigar da gwajin tunawa a cikinsa. Rarrabewar da aka koya daga Henry ita ce kuma likita ke amfani da ita idan an kawo masa mai kukan mantuwa. Cutar Alzheimer takan fara ɓarnarta ne daga entorainal da hifokamfus, shi ya sa tsohon da ta kama yake ba da labarin ƙuruciyarsa tiryan-tiryan amma ya kasa tuna wanda ya ziyarce shi da safe. Mai ciwon damuwa mai tsanani shi ma yana kukan mantuwa, amma tasa yawanci daga rashin tattara hankali take, abin bai samu shiga da kyau ba tun farko, kuma takan yi sauƙi idan an magance damuwar. Wanda ya daɗe yana shan giya har sinadarin tiyamin, wato bitamin B1, ya ƙare a jikinsa yana iya kamuwa da mantuwa mai kama da ta Henry, wadda ake iya tare ta idan an ba shi sinadarin da wuri. Saboda haka likitan da ya san aikinsa yakan gwada riƙon ɗan lokaci dabam, ya gwada tuna sabon abu bayan 'yan mintuna dabam, ya tambayi tsofaffin al'amura dabam, sannan ya duba yanayin zuciyar majinyacin da barcinsa da magungunan da yake sha kafin ya faɗi abin da ke damunsa.